KAFIN A HAU JIRGI: KUƊIN FAKIN DA HANYAR ISA TASHAR JIRGIN ƘASA A JOS

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen jirgin ƙasa a ƙasar nan, abubuwa uku ne suka fi cika bakin jama'a, wato kuɗin tikiti da saurin jirgi da tsaron hanya. Ba kasafai ake jin wani ya tambayi yadda fasinja zai baro gidansa ya kai ƙofar tasha ba, ko inda zai ajiye abin hawansa idan ya kai, ko nawa zai biya kafin ya taka dandamalin hawa jirgi. Alhali kuwa a wannan ɗan tsakanin ne mutum yake yanke shawarar ko ya hau jirgin, ko ya haƙura ya tari mota a bakin titi kamar yadda ya saba. Hausawa dai sun ce ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Ni mazaunin Tudun Wada ne a cikin garin Jos, unguwar da layin dogo bai ratsa ta ba. Saboda haka duk wata hulɗa da za ta haɗa ni da jirgi, sai na fara biyan kuɗin wani abin hawa tukuna. Wannan ne ya ja hankalina ga rubuta wannan maƙala. Manufata ita ce in bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa ake karɓar kuɗin ajiye mota a tasha, da wanda yake da ikon karɓa, da kuma wanda bai kamata a karɓa daga hannunsa ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, filin gaban tasha kaɗan ne, kuma yadda aka raba shi ne zai nuna ko don wa aka kawo jirgin.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar tasha aro ce daga Ingilishi, ta shigo Hausa tun zamanin Turawan mulkin mallaka. A yau idan Bahaushe ya ce zai je tasha, tashar mota ake fahimta, sai in ya ƙara da cewa ta jirgin ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda mota ta ƙwace wa jirgi fasinja. Haka ita ma kalmar fakin aro ce, tana nufin tsayar da abin hawa a wani wuri a bar shi na wani lokaci. Amma sunan da ya fi shafar mu a nan shi ne Taminus. Asalin ma'anarsa ita ce inda layin dogo ya ƙare. Da tafiya ta yi tafiya sai sunan ya mamaye kasuwa da shataletale da dukan unguwar, har ta kai yara da yawa a Jos sun san Taminus amma ba su san daga jirgi sunan ya fito ba.

Akwai kuma bambancin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa sauran bayanin zai hau. Tsayuwar abin hawa a tasha iri uku ce. Ta farko ita ce ta sauke fasinja ko ɗaukarsa, wadda ba ta wuce 'yan mintoci. Ta biyu ita ce ta jira, kamar ta wanda ya zo taryen baƙo jirgi ya makara. Ta uku ita ce ta ajiya, inda mai mota zai kulle motarsa ya hau jirgi, sai yamma ko sai bayan kwanaki ya dawo. Yawancin rigimar da ake yi a ƙofar tasha tana faruwa ne saboda an yi wa waɗannan ukun kuɗin goro.

3.0 Yadda Jirgi Ya Zo Jos

Kuza ce ta kawo jirgi Jos. Kafin zuwansa, 'yan dako ne suke ɗaukar kuza a ka daga tsaunukan Filato har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa. Don a rage wannan wahala da tsada aka shimfiɗa ƙaramin layin da ake kira na Bauci, wanda ya taso daga Zariya. Ya isa Rahama a 1912, sa'an nan ya bi ta Jos ya kai Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kawai. A 1927 babban layi mai faɗin ƙafa uku da rabi ya iso daga Kafanchan, ya haɗa Jos da Fatakwal. Daga nan ƙaramin layin ya soma rasa aiki, har aka rufe shi a 1957. Wanda yake son ganin ragowar kawunan jiragensa sai ya leƙa gidan tarihi na Jos. Tsakanin 1958 da 1964 kuma aka ja layi daga Kuru zuwa Bauci da Gombe har Maiduguri.

Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani gari ne yake bin tasha. Inda aka kafa ta nan kantuna da kasuwa da masaukai suke tsirowa, kamar yadda aka gani a Sabon Garin Zariya da Kafanchan. Fasinja da ƙafa yake zuwa, ɗan dako na biye da shi da akwati. Babu wanda ya yi tanadin filin ajiye ɗaruruwan motoci, domin babu motocin.

Bayan da harkar jirgi ta ja baya daga shekarun 1980, sai filayen da ke kewaye da tashar Jos suka samu wasu masu amfani da su. Ana cikin haka babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairun 2002, dubban 'yan kasuwa suka watsu a kan titunan Taminus, kuma har aka shiga 2024 ba a sake gina ta ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a ranar 20 ga Mayun 2014 bama-bamai biyu da aka ɗana a cikin motoci suka tashi a Taminus, mutum fiye da 100 suka rasu. Tun daga ranar, motar da aka ajiye ba mai ita kusa da taron jama'a ta zama abin tsoro ga mutumin Jos.

Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, sai gwamnatin jihar Filato ƙarƙashin Caleb Mutfwang ta haɗa hannu da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya aka gyara layin Jos zuwa Bukuru da Kuru. Zuwa 2025 jirgin ya soma ɗaukar fasinja. Ke nan tsohuwar tashar da aka gina don masu zuwa da ƙafa ta koma karɓar fasinja a zamanin mota da Keke Napep.

4.0 Daga Tudun Wada Zuwa Taminus

Bari mu ɗauki misalin ma'aikaciyar da ke zaune a Tudun Wada tana aiki a Bukuru, tazarar kimanin kilomita 15. Hanya biyu ce a gabanta. Ta farko, ta hau keke ya sauke ta a mahaɗar Sakateriya, ta shiga motar Bukuru. Ta biyu, ta hau keke ta bi ta Hill Station ta nufi Taminus, wato ta koma baya ke nan, ta sayi tikiti, ta jira jirgi, idan ta sauka a tashar Bukuru ta sake neman wani keken zuwa wurin aiki.

Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa tikitin jirgi naira 300 ne, kuɗin keke kuma naira 200 a kowane ɓangare. Tafiyar da aka tallata mata a kan naira 300 ta koma ta naira 700. Idan hanyar farko ba ta kai haka ba, to jirgin bai amfane ta da komai ba, ko da kuwa an rage kuɗin tikitin. In kuma masu keke ana karɓar wani abu a hannunsu kafin su matsa kusa da ƙofar tasha, ba daga aljihunsu za su biya ba, a kan fasinja za su ɗora. In an hana su matsowa gaba ɗaya, sai ta sauka nesa ta ratsa cunkoson kasuwa da ƙafa, ga damina mai tsawo irin ta Jos, ga sanyin asuba a lokacin hunturu.

Sai kuma maƙwabcinta mai mota. Shi lissafinsa daban ne: man da zai ƙona zuwa Bukuru da dawowa, a gwada shi da tikiti haɗe da kuɗin fakin na yini guda. Amma abin da ya fi damunsa shi ne ko zai dawo ya tarar da motarsa da batirinta da madubinta. Irin wannan mutum a shirye yake ya biya, muddin akwai katanga da mai gadi da rasit.

Akwai na uku, wadda ba a cika tunawa da ita ba, wato mai sayar da kayan gwari ko dankalin Turawa da ke tafe da buhu. Ita ba ta buƙatar wurin fakin. Buƙatarta ita ce keke ya kai ta bakin ƙofa, mai baro ya samu hanyar da zai tura kaya har dandamali. A ganina ita da ma'aikaciyar can su ne mafi yawan fasinjan irin wannan jirgi, tunda masu mota 'yan ƙalilan ne a unguwanni irin namu. An kuma hana acaɓa, wanda mutanen Jos suke kira goyin, a cikin Jos da Bukuru tun 2012 zamanin Gwamna Jonah Jang, don haka keke da bas ne ƙafar talaka.

5.0 Darasi Daga Sababbin Tashoshi

Sababbin layukan da aka gina a ƙasar nan sun ba mu darasi a kan wannan batu. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 a watan Yulin 2016. Tasharsa ta Kaduna tana Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi, ta Abuja kuma tana Idu, dukansu a gefen gari. Duk wanda ya taɓa bin wannan jirgi ya san cewa tafiya uku ce a cikin ɗaya: daga gida zuwa Rigasa, daga Rigasa zuwa Idu ko Kubwa, sa'an nan daga can zuwa cikin Abuja. Sau da yawa kuɗin tasi na ɓangarorin biyu yakan yi gogayya da kuɗin tikitin kansa. Haka abin yake a layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a Yunin 2021, wanda tasharsa ta ƙarshe take Moniya a bayan gari, alhali tsohuwar tashar tana Dugbe a tsakiyar Ibadan.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na jirgin cikin birnin Abuja. An ƙaddamar da shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai ranar 29 ga Mayun 2024. Ɗaya daga cikin manyan matsalolinsa na farko ita ce da yawa daga tashoshinsa ba su da hanyar mota mai kyau da za ta kai mutum gare su. Sai da aka koma aka gina hanyoyi da wuraren ajiye motoci kafin a sake buɗe shi. An kashe maƙudan kuɗi a kan dogo da taragai, aka bar ɗan guntun titin da zai kawo fasinja. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana.

A nan Jos ta yi sa'a, domin tasharta a tsakiyar gari take, kusa da titin Ahmadu Bello da na Murtala Muhammad, inda motocin kusan kowace unguwa suke sauke fasinja. Matsalarta kishiyar ta Rigasa ce. Can akwai fili amma da nisa, nan kuwa kusa ne amma babu fili.

6.0 Me Ya Sa Ake Karɓar Kuɗin Fakin?

Mutane da yawa suna ganin kuɗin fakin zalunci ne kawai. Suna cewa filin gwamnati ne, kuma sun riga sun sayi tikiti. Sai dai idan aka zauna aka yi lissafi za a ga abin ya wuce haka.

Mota ɗaya tana buƙatar wuri mai faɗin mita 2.5 da tsawon mita 5. Idan aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, kowace mota tana cin kusan murabba'in mita 25. Filin ƙwallon ƙafa mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68 ba zai ɗauki mota 300 ba. Ke nan da jirgi zai ɗauki mutum 500, kowa ya zo da motarsa, sai an tanadi kusan filin ƙwallo biyu. Ina za a samu wannan a Taminus? A ɗaya ɓangaren kuma, wurin da mota ɗaya za ta yini a kulle, idan aka bar wa masu keke su riƙa sauke mutum uku-uku kowane minti biyu, a cikin awa guda mutum 90 sun amfana da shi.

Saboda haka dalilan karɓar kuɗin guda uku ne. Na farko, kula da wurin: kwalta da fitila da lambatu da albashin mai gadi duk kuɗi ne, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan mai mota bai biya ba, to daga asusun hukuma za a biya, wato har da kuɗin mai buhun dankali wadda ba ta da ko keken hawa. Na biyu, hana waɗanda ba fasinja ba mamaye wurin. Tashar da ke maƙwabtaka da kasuwa, in aka ce fakin kyauta ne, kafin jirgin safe ya iso masu shaguna da masu cefane sun cika ta. Na uku shi ne tsaro. Wurin da ake rubuta lambar mota da lokacin shigarta, ake kuma duba but, ya fi wurin da kowa zai jefar da mota ya yi gaba, kuma mutanen Jos ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Wani masanin tsara birane a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Farfesa Donald Shoup, ya wallafa littafi a 2005 a kan tsadar da ke ɓoye cikin fakin na kyauta. Shawararsa ita ce a sa farashin da zai sa wurin ya cika kamar kashi 85 cikin 100, ta yadda duk wanda ya zo zai samu gurbi ba sai ya yi ta zagaye ba, a kuma mayar da kuɗin ga gyaran unguwar da aka karɓe su. A fahimtata kashi na biyu na wannan shawara ya fi muhimmanci a wurinmu, domin abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne su biya su kasa ganin inda kuɗin ya tafi.

7.0 Wa Ke Da Ikon Karɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, saboda hannaye da yawa ne suke haɗuwa a ƙofar tasha. Harabar tashar da filayen gefen dogo mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ce, wadda aka kafa da doka a 1955. Titin da ke gaban ƙofa yana ƙarƙashin kulawar gwamnatin jiha da Hukumar Raya Birnin Jos. Tsarin mulkin 1999 kuma ya sa tashoshin mota da kasuwanni cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ga kuma ƙungiyoyin direbobi da na masu keke da suke karɓar nasu kuɗin lodi. Bugu da ƙari, a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, wadda a da ta gwamnatin tarayya ce kaɗai. Idan waɗannan ɓangarori ba su zauna sun daidaita ba, kowa zai kafa nasa shingen, aljihun fasinja kuwa ɗaya ne.

Na taɓa raka gwaggona wata tashar jirgi a ƙasar nan. Tsayuwarmu ba ta kai minti goma ba, amma sai da wasu samari marasa wata alama a jikinsu suka karɓi kuɗi a wurin shiga, da muka juyo kuma wani ya tare mu yana neman nasa. Na nemi rasit, aka ce ya ƙare. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma har yau ban san asusun wa suka shiga ba. Irin wannan ne yake sa jama'a su ƙi jinin kuɗin fakin gaba ɗaya, har da na halal.

Doka ta taɓa yin magana a kan irin wannan. A 2014 babbar kotun birnin tarayya ta soke tsarin biyan kuɗin fakin a kan titunan Abuja, bisa hujjar cewa babu dokar da ta ba da ikon karɓar kuɗin a lokacin. Darasin shi ne, duk kuɗin da za a karɓa daga hannun jama'a dole a iya nuna dokar da ta ba da izini. Akwai kuma batun manya. A watan Mayun 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince cewa kowa, har da shugaban ƙasa da mataimakinsa, zai riƙa biyan kuɗin shiga filin jirgin sama, saboda masu hali ne suka fi cin moriyar yafewar da ake yi. Bai dace a ce mai jiniya ya wuce kyauta a tare mai keke ba.

8.0 Tsofaffi da Naƙasassu da Masu Rakiya

Isa tasha bai ƙare a bakin ƙofa ba. Akwai tsoho mai sanda, da mai juna biyu, da makaho, da mai keken guragu. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar don a gyara gine-ginen jama'a yadda naƙasassu za su iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta ambaci tashoshin jiragen ƙasa, ta kuma ce a keɓe wa naƙasassu gurabe masu alama a wuraren ajiye motoci. Jihar Filato tana cikin jihohin farko da suka kafa hukumar kare haƙƙin naƙasassu, don haka bai kamata a bar ta a baya a wannan fanni ba. Tsofaffin taragai suna da matakala mai tsayi. Ɗan gangaren siminti ko na ƙarfe maras matakala, da gurbi biyu ko uku kusa da ƙofa, ba su kai kuɗin tarago ɗaya ba.

Sai al'adarmu ta rakiya. Bahaushe ba ya barin baƙo ko dattijo ya tafi tasha shi kaɗai, kuma ba ya barin ɗan'uwa ya sauka babu mai tarye. A ƙasar Indiya mai rakiya yakan yanki wani ƙaramin tikiti kafin ya shiga dandamali, don rage cunkoso. A filin jirgin saman Heathrow na Landan kuma, a Nuwamban 2021 aka fara karɓar kuɗi, fam 5 a lokacin, daga duk motar da ta sauke fasinja a bakin ƙofa. Amma can akwai jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas-bas da ke kai mutum har ciki, don haka wanda ya zo da mota zaɓi ya yi. Mutumin Tudun Wada ba shi da wannan zaɓi. Kwaikwayon irin wannan tsari a wurinmu tamkar sa wa zumunci haraji ne.

Idan koyi za mu yi, gara mu dubi Holan. A tashar birnin Utrecht an kammala wurin ajiye kekuna 12,500 a 2019, kuma awa 24 na farko kyauta ne. Hikimar ita ce a sauƙaƙa wa abin hawan da bai cin fili, a sa kuɗi a kan wanda yake ci. Duwatsu da hawa da gangara na Jos ba za su bar kowa ya hau keken ƙafa ba, amma hikimar tana nan: a nan Keke Napep da bas su ne za a ba matsayin da Holan ta ba keke.

9.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ga abubuwan da nake ganin ya kamata a yi a tashar Jos da ta Bukuru da ta Kuru, da ma sababbin tashoshin da za a gina a layin Kano zuwa Maraɗi da na Kaduna zuwa Kano, waɗanda aka aza harsashinsu a 2021:

1. A raba filin gaban tasha bisa yawan masu amfani da shi. Mai tafiya a ƙasa da naƙasasshe su ne na farko, sai keke da bas, sai motar da ta zo sauke fasinja, daga ƙarshe motar ajiya.

2. Sauke fasinja da ɗaukarsa su zama kyauta na ɗan lokaci, kamar minti 15. Wanda ya wuce haka ya biya. Idan jirgi ne ya makara, kada a ɗora wa mai tarye laifin da ba nasa ba.

3. A rubuta farashi a babban allo da Hausa da Ingilishi, da sunan hukumar da ke karɓa. Kada a karɓi ko sisi ba rasit. Kamar yadda aka koma sayar da tikitin Abuja zuwa Kaduna ta intanet a Janairun 2021 don rage cuwa-cuwa, haka za a iya biyan kuɗin fakin ta kati ko ta waya.

4. Wanda ya nuna tikitin jirgi a yi masa rangwame, wanda kasuwa ta kawo shi ya biya cikakken farashi.

5. Babban wurin ajiya na yini a kai shi inda fili yake, kamar Kuru da Bukuru, a bar Taminus ga masu saukewa da ɗauka.

6. A daidaita lokacin bas-bas na gwamnati irin Tin City Metro da lokacin jirgi, a kuma samar da waɗanda za su riƙa ɗebo mutane daga unguwannin da dogo bai bi ta cikinsu ba, kamar Tudun Wada da Kabong da Rikkos da jami'a.

7. Hukumar da ke karɓar kuɗi ta ɗauki alhakin tsaron motar da aka ajiye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

10.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa kuɗin tikiti kashi ɗaya ne kawai na abin da fasinja yake biya, kuma hanyar isa tasha tana iya raya jirgi ko ta kashe shi. Na kawo tarihin tashar Jos, da darasin Rigasa da Idu da Moniya, da dalilan da suka sa kuɗin ajiye mota yake da hujja idan yana da doka da rasit da aikin da ake gani. Na kuma nuna cewa wanda ya zo sauke tsohuwa da buhunta bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da wanda zai kulle mota ya yini ba. Jirgin Jos zuwa Kuru an dawo da shi ne don sauƙaƙa wa talaka bayan tsadar mai. Idan aka bar ƙofar tasha ta cika da shingaye da masu miƙa hannu, sauƙin da aka samu a tikiti a nan zai zube, talakan kuma ya koma bakin titi. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu nazarin tsara birane da tattalin arziki, za su zurfafa bincike a kan wannan batu, hukumomin da abin ya shafa kuma su karɓi waɗannan shawarwari da zuciya ɗaya, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.